MURAR HUNTURU DA DATTAWANMU: ME ALLURAR RIGAKAFI KE IYA YI?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Hausari, Potiskum

 



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa gaban iyayena in yi magana. Ni ɗan kasuwa ne kamar yawancinku, aikin likita kuwa yana da masu shi. Abin da na kawo muku yau bayani ne da masana lafiya suka tabbatar, na tattaro shi, na jera shi yadda mukan jera haja a rumfa, domin kowa ya duba ya ɗauki abin da zai amfane shi. Maganar kuwa a kan murar hunturu ce, da yadda take kayar da tsofaffi, da kuma abin da allurar rigakafinta ke iya yi da wanda ba ta iyawa.

MURA IRI BIYU CE

Jama'a, mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, mura. Yaro ya yi atishawa mu ce mura, tsoho ya kwanta mako biyu yana kakari mu ce mura. To a wajen likitoci abin ya rabu. Akwai ƙaramar mura wadda ke zuwa a hankali da yoyon hanci da kaushin maƙogwaro, mutum na fama da ita yana zuwa kasuwa. Akwai kuma babbar, wadda ake kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya take faɗo wa mutum: da safe lafiya lau, kafin La'asar zazzaɓi ya rufe shi, ga ciwon kai, ga ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya, ga busasshen tari, ga kasala wadda ko buta ba ya iya ɗagawa.

Kakanninmu sun san ta, har suna suka ba ta, Marisuwa. A shekarar 1918 ta shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Ikko a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake har ta game Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, lokacin da duk jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A duniya kuwa ana ƙiyasta mutum miliyan 50. Wannan annoba ta wuce, amma dangin ƙwayar cutar suna nan, duk shekara sai sun zagayo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne wannan mura ke yi wa mummunan kamu, kuma tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 ke rasuwa ta dalilin ciwon numfashin da take jawowa. Binciken da ya fitar da wannan lissafi a ƙarshen 2017 ya nuna wani abu da ya shafe mu kai tsaye: ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin inda mace-macen suka fi yawa idan aka auna da yawan jama'a, kuma 'yan shekara 75 zuwa sama su ne suka fi kowa shan wahala. A Amurka, inda suke ƙirga komai, sun ce kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na masu mutuwa da wannan mura 'yan shekara 65 ne zuwa sama.

A nan gida ma an fara sa ido a kanta tun 2008, a wasu asibitoci huɗu: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Asokoro a Abuja, da ɗaya a Ikko, da ɗaya a Nnewi. Ana ɗaukar majinar masu tari da zazzaɓi ana aunawa. Abin da aka fara gani shi ne cutar ta fi tashi a watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris. Wato daidai lokacin da hazo ke rufe garin nan, kowa ya ƙulle taga, aka cunkushe a ɗaki ɗaya ana jin ɗumi.

DON ME TA FI KAYAR DA TSOHO?

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da masu gadi a cikin jini, su ne ake kira garkuwar jiki. Idan shekaru suka ja, masu gadin nan sukan yi sanyi, ba sa gane ɓarawo da wuri, ba sa kuma kama shi da ƙarfi. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, da wuya ka sami dattijo ɗan shekara 65 wanda ba ya ɗauke da wani kaya: hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko ciwon zuciya, ko na ƙoda. Ku da kuke lodin tirela kun san motar da aka riga aka cika ta, ba ta buƙatar babban rami kafin ta kife. Haka murar nan take yi. Takan kwantar da mutum, ta buɗe ƙofa ga nimoniya, wato sanyin haƙarƙari, ta rikita sugan mai ciwon suga, ta ɗora wa zuciya nauyin da ba ta iya ɗauka. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na ƙasar Kanada, aka buga a 2018, ya gano cewa a cikin kwana 7 na farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da wannan mura, haɗarin bugun zuciya yakan ninka har sau 6. Shi ya sa sau da yawa za ka ji an ce wane zuciyarsa ce ta buga, alhali mura ce ta fara buɗe hanyar mako guda kafin nan.

Na uku, ko tsoho ya tashi, ba lallai ya koma yadda yake ba. Kwana goma a kwance yakan cinye naman ƙafar dattijo. Wanda da yake takawa masallaci da ƙafarsa sai ya koma sai an riƙe shi, wanda yake zama a rumfa sai ya koma zaman zaure. Wannan asara ba ta shiga lissafin mace-mace, amma mu da muke gida ɗaya da su mun san nauyinta.

Ba mu manta da watannin Afrilu da Mayu na 2020 ba, lokacin korona, yadda aka yi ta jana'izar dattawa a Kano da Azare da nan Potiskum. A Kano kaɗai Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma ana jin rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Korona daban, infuluwenza daban, allurar ɗaya ba ta maganin ɗaya. Amma darasin guda ne: ciwon numfashi idan ya shigo gari, ƙofar tsoho mai hawan jini da suga yake fara ƙwanƙwasawa.

Mu kuma duba inda muke zaune. Garin nan mahaɗa ce. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta nan ta ratsa, ga ta Bauchi, ga ta Gombe, ga ta Gashuwa. Kasuwar shanu da ta hatsi suna tara mutane daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan. Mu kanmu Hausawan Hausari ba ma zama wuri ɗaya, yau biki a Kano, gobe ta'aziyya a Katsina ko Haɗeja, a mota cike maƙil an rufe gilashi saboda sanyi. Hanyar da arziki ke biyowa ya same mu, ita cuta ke biyowa.

ABIN DA ALLURAR KE YI

To yanzu ga gundarin maganar. Allurar da ake yi wa tsofaffi ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ba ta iya sa wa mutum murar. Aikinta shi ne ta nuna wa masu gadin jiki kamannin ɓarawon tun kafin ya iso. Jiki yakan ɗauki kamar mako 2 kafin ya gama shiri. Abin da mutum kan ji bayanta bai wuce tsamin dantse ba, ko ɗan zazzaɓi da kasala na kwana ɗaya ko biyu.

Ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi muku tallar da ta wuce ƙimar kaya ba. Allurar nan ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari. A shekarar da ta dace sosai da irin ƙwayar da ke yawo, takan rage masu kwanciya da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wato inda mutum 10 za su kwanta, sai a sami 4 zuwa 6. A jikin tsoho ma kariyar takan gaza haka, saboda sanyin garkuwar da na ambata. Kuma ba ta taɓa ƙaramar mura ko tarin ƙura ba, waɗannan za su zo kamar yadda suka saba.

To ina ribar? Ribar tana wajen tsananin ciwon. Wanda aka yi wa allura, ko ya kamu, ciwon yakan zo masa da sauƙi. Ga shaidu uku.

Na farko, a 2021 masana a Amurka suka tattara bincike-binciken da aka yi a kan manya waɗanda murar ta kai su gadon asibiti. Suka tarar waɗanda aka yi wa allura sun fi tsira daga shiga ɗakin masu matsanancin ciwo da kashi 26 cikin 100, haɗarin mutuwarsu kuma ya ragu da kashi 31 cikin 100.

Na biyu, wani gwaji da likitocin ƙasar Suwidin suka jagoranta, aka bayyana a 2021, a kan mutum sama da 2,500 waɗanda yawancinsu ba su daɗe da samun bugun zuciya ba. Aka yi wa rabi allurar, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri. Bayan shekara guda, mace-mace a cikin waɗanda suka sami allurar gaske sun yi ƙasa da kimanin kashi 40 cikin 100.

Na uku shi ne ya fi kusa da mu, domin har da 'yan Nijeriya a ciki. Jami'ar McMaster ta Kanada ta jagoranci gwaji a kan mutum 5,129 masu raunin zuciya a ƙasashe 10, cikinsu har da Nijeriya da Kenya da Uganda da Indiya da Saudiyya, aka buga sakamakon a 2022. Idan aka ɗauki shekara sukutum, ba a ga bambanci bayyananne ba wajen yawan mutuwa. Amma nimoniya ta ragu da kashi 42 cikin 100, kwanciya asibiti ta ragu da kashi 16 cikin 100, kuma a watannin da murar ke ganiyarta mace-macen ma sun ragu. Na kawo muku sakamakon da daɗinsa da rashin daɗinsa domin ku auna da kanku.

Akwai ma wadda aka haɗa musamman domin tsofaffi, mai ƙarfi ninki 4. An gwada ta a kan mutum sama da 30,000 'yan shekara 65 zuwa sama a Amurka da Kanada, aka ga ta fi ta kullum kariya da kashi 24 cikin 100. Inda aka same ta, madalla. Inda babu, ta kullum ɗin ta fi babu nesa ba kusa ba.

DON ME SAI DUK SHEKARA?

Wani zai ce, to ai allurar shawara sau ɗaya ake yi, wannan me ya sa sai an maimaita? Amsa ita ce ƙwayar wannan mura mai sauya riga ce. Wadda ta zo bara, bana da wata kama za ta dawo. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da ɗakunan bincike a ƙasashe da dama masu bin sawunta, kuma sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana kan zauna su zaɓi irin da za a haɗa sabuwar allura da shi. Ga shi kuma ƙarfin allurar a jiki yakan ragu bayan wasu watanni. Masu sayar da atamfa sun fi kowa gane wannan, yayin bara ba ya ciniki bana. Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne kafin sanyi ya kankama, wajen Oktoba zuwa Nuwamba.

MAGANAR TSORO DA TA TAWAKKALI

Na san abin da ke zukatan wasunmu, kuma ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa. Da malamai da sarakuna suka shigo cikin lamarin aka koma karɓa, sai ga shi a watan Agusta 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mun kuma ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran jihar nan a 2023, yawancinsu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Allurar mura kuwa ba sabon abu ba ne da za a gwada a kanmu, tun shekarun 1940 ake amfani da ita, kuma miliyoyin tsofaffi a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe suna karɓarta duk shekara. Alhazanmu ma shaida ne, hukumomin Saudiyya suna shawartar mahajjata, musamman tsofaffi da masu ciwo, su yi ta kafin su taso.

Ta fuskar addini, ga malamanmu nan zaune, su ne masu fatawa. Abin da muka koya tun muna Islamiyya shi ne neman magani da riƙo da sababi ba sa warware tawakkali. Mun karanta yadda Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna musu cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma wanda ya san da haka bai fasa kulle shagonsa da dare ba.

INA ZA A SAME TA?

A nan ne gizo ke saƙa. Allurar murar manya ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta kamar na yara. Saye ake yi, galibi a manyan asibitoci masu zaman kansu da manyan kantunan magani a birane. Saboda haka a yi hattara da abubuwa uku. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A tabbatar ta wannan shekarar ce. A kuma tabbatar an ajiye ta a firji tsakanin maki 2 zuwa 8, ba ta daskare ba, ba ta sha rana ba, domin allurar da ta kwana a aljihun direba ruwa ce kawai. Ma'aikacin lafiya ne zai yi ta. Wanda ke cikin zazzaɓi mai zafi ya bari sai ya warware, wanda kuma wata allura ta taɓa tayar masa da mummunan borin jini ya faɗa wa likita tun kafin a fara.

IDAN TSOHO YA RIGA YA KAMU

Iyayenmu mata, wannan naku ne, don ku ne ke jinya. Tsoho na iya kamuwa ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba. Idan kuka ga numfashi na yi masa wuya ko yana haki, ko ƙirji na ciwo, ko ya rikice yana sambatu, ko barci ya yi masa yawa ba ya farkawa sosai, ko fitsari ya ɗauke, ko ya ji sauƙi sannan zazzaɓi da tari suka dawo da ƙarfi, to a nufi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Akwai maganin wannan mura mai suna oseltamivir, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 2 na farko, kuma likita ne ke rubuta shi. Kafso da muke saya a kemis ba ya kashe ƙwayar mura. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci kuma suna ɗaga hawan jini, a tambaya kafin a ba tsoho. A ba shi ruwa da kunu akai-akai, kada a dakatar da maganinsa na kullum sai da izinin likita. Kaskon gawayi a ɗaki rufe kuwa, wallahi shi kansa yana kisa, a bar kafar iska. Jikan da ke tari a ɗan nisanta shi da kaka na 'yan kwanaki, mai zuwa dubiya ya wanke hannu, mai mura ya haƙura da musafaha.

SHAWARATA GA ƘUNGIYA

Ina roƙon shugabanni su duba abubuwa huɗu. Ɗaya, a rubuta sunayen dattawanmu maza da mata 'yan shekara 65 zuwa sama, a fara da masu ciwon zuciya da suga da asma. Biyu, a tura wakilai su sami likitocin babban asibitin garin nan, su ba mu shawara a kan inda za a samo ta gaskiya da wanda zai yi mana ita. Uku, mu yi abin da muka iya, wato sari. Abin da ya yi wa mutum ɗaya tsada, idan mutum 50 suka haɗa kuɗi farashi yakan sauko. Huɗu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya domin dattawan da ba su da mai saya musu. Muna tara kuɗin likkafani da na abincin zaman makoki ba tare da gardama ba, to mu tara na abin da zai iya rage kwanciyar asibiti.

'Yan'uwa, dattawan nan su ne suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suka kafa mana rumfunan da muke ci a ciki. Su suka ƙulla mana zaman lafiya da masu masaukinmu Bolawa da Ngizim da Karekare, su ne suka san asalin kowane gida, su ake nema idan rigima ta tashi a kasuwa ko aure ya yi tsami. Duk wanda ya tafi a cikinsu, da abin da ya sani yake tafiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda yake da tsoho a gida, ya je ya tambayi likita tun hazo bai sauko ba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai amfani, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu.